Auren Tut da Zogale

A garin da kowa Alhaji ne, in mutum yana son ya fita daban sai ya nemi wani abin tinƙaho. Shi Kabo na unguwar Misfala noma ya zaɓa. Ya zo Makka da niyyar ya sauke farali ya juya, sai ga shi ya shekara goma sha wani abu, ba iƙama, wato takardar zama, ba fasfo. In alhazai sun zo ya yi dakon kayansu, in sun tafi ya tare a gahawa, wato rumfar shan shayi. Da an zuba shayi zai miƙe ƙafa ya fara: kakansa ne Sarkin Noman ƙasarsu, shi kuma ya taɓa shuka rogon da sai da aka ɗaura wa raƙumi igiya aka tumɓuke shi. Alhali ubansa baduku ne a tsakiyar birni, Kabo kuwa bai taɓa riƙe fartanya ba sai in ya ɗauke ta daga hanya don kada ya yi tuntuɓe.

Abokin tsokanarsa shi ne Issoufou, wani dogon mutumin Tawa mai sayar da ruwa, wanda ke yini da sanda a kafaɗa da garwa biyu tsakanin famfon unguwa da gidajen mutane. Duk ranar da Kabo ya ɗauko zancen rogo sai ya ce, "Kabo, mi ya hana ka shuka ko albasa guda nan Makka mu gani?"

"Albasa? Ni?" in ji Kabo. "Ranar da zan sa hannu a ƙasar nan, abin da zai fito sai an zo daga Madina kallo."

Gidan Kabo ɗaki biyu ne na katako da langa-langa a gindin dutse, da 'yar tsakar gida. Ko'ina dutse ne in ban da lungu ɗaya mai ƙasa, a lungun nan kuma akwai bishiyar zogale. Ba ta Kabo ba ce, ta matarsa ce Rumasa'u. Mahaifiyarta ce ta ƙullo irin a gefen zane, ta ratso Chadi da Sudan da shi a ƙasa, ta shuka shi da hannunta kafin a kai ta makwancinta. Rumasa'u ba ta kiran bishiyar da wani suna sai Inna. Da ganyenta take kwaɗon da take sayarwa, da shi gidan ke ci, kuma duk matar da kewar gida ta taso mata a Misfala nan take zuwa a tsinko mata.

To, a shekarar da aka buɗe sabuwar hanyar dutse zuwa Ɗa'ifa, 'yarsu Zainabu ta haihu a Jidda, Rumasa'u ta shirya za ta je wankan jego sai an yi arba'in. Ta ɗaura ƙunshinta, ta tsaya a gaban bishiyar.

"Malam, ga amanar Inna nan. Ruwa kwano biyu da safe, shi ke nan, kada ka ƙara mata dabara. In na dawo na tarar ko reshe ɗaya ya yi ciwon kai, wallahi motar da ta kawo ni ita za ta mayar da ni Jidda, ka nemi mai dafa maka."

"Haba Hajiya," in ji Kabo, "jikan Sarkin Noma ake koya wa ban ruwa?"

"Shi nake tsoro," in ji ta, ta sa kai ta fita.

Ba a yi kwana uku ba Kabo ya samu dako. Wani attajirin Makka zai kwashe iyalinsa zuwa Ɗa'ifa gudun zafi, kamar yadda suka saba duk bazara, aka ɗora Kabo a bayan mota da katifu. Can a lambun attajirin ya ga wasu tsirrai masu ƙaya, da 'ya'ya jajaye, kowane ɗaya kamar an harhaɗa ƙananan duwatsun wuya. Ya tsinki ɗaya ya jefa a baki. Kai! Ga zaƙi, ga ɗan tsami, ga ƙamshi. Ya tambayi tsohon mai lambun sunansa, aka ce masa tut. Nan take ya roƙi saiwoyi.

"Ya hajji," in ji tsohon, "wannan ɗan sanyi ne. In ka sauka da shi Makka itacen hura wuta ka kai."

"Kai dai ba ni," in ji Kabo. "Ba ka san da wa kake magana ba."

Ya dawo da saiwa bakwai a jiƙaƙƙen buhu. Bai ma biya gida ba, gahawa ya nufa, ya dire buhun a kan tebur har kofuna suka yi tsalle.

"Jama'a, ku shaida! Daga bana masu kuɗin Makka sun daina wahalar hawa Ɗa'ifa. Tut zai fito a Misfala, a gidan Kabo, kafin Hajiya ta dawo daga Jidda."

Issoufou ya leƙa buhun. "Waɗannan ƙiraren? Ina za ka shuka su, bisa kanka?"

Tambayar nan ita ta ja bala'i, don da Kabo ya shiga gida ya duba, ƙasa dai lungu ɗaya ce, kuma Inna na tsaye a kai. Ya zaga ta, ya sake zaga ta. Ya tuna maganar motar Jidda, ya ja da baya. Sai kuma ya hango kansa yana miƙa wa Rumasa'u faranti cike da tut, attajirai na layi a ƙofar gida, ita kuma tana cewa, "Malam, ashe kai ne ban sani ba." Wace mace ce za ta tuna da ganyen kwaɗo a ranar? Ya je ya aro gatari.

Saran farko ya fito da maƙwabciyarsu Ɗaso, wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa, wadda bango ɗaya ya raba su. Ta taka turmi ta leƙo.

"Innalillahi! Kabo, Innar kake sara?"

"Noma nake yi, Iya."

"Allah ya tsari gatari da noma! Wallahi ka sari aurenka."

"Ki bari ki ga tut tukuna."

"Zan gani. Ni ba inda za ni, nan zan zauna in ga ƙarshenka."

Kafin la'asar bishiyar da ta ratso ƙasa uku tana kwance. Ya tone gindin ya jefar a juji. Rassan kuwa ya ga asara ne a zubar, sai ya yanka sanda bakwai ya kafa, ya shuka saiwa a gindin kowace, ya ɗaure tsiron tut a jikin sandar da tsumma don kada ya faɗi. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu yana kallon gonarsa.

Aka shiga ban ruwa. Mutumin da aka ce wa kwano biyu, sai ya ce wa Issoufou ya riƙa juye garwa har sai ya ce ya isa, kuma bai taɓa cewa ya isa ba. Tsakar gida ta zama fadama. Ruwa ya bi ƙarƙashin bango ya shiga ɗakin Ɗaso, inda ta jingine buhun ɗanyar gyaɗarta. Ranar nan sai ga ta ta shigo ba sallama, ta watsa masa gyaɗa a cinya, kowace ta fito da farin tsiro.

"Barka, Sarkin Noma! Shukarka ta fito, amma a ɗakina."

"Kin gani ko?" in ji Kabo. "Ruwan da ya bi ta hannuna ma kenan. Ina ga abin da na shuka da kaina?"

Ta neme shi da muciya, ya shige ɗaki ya saka sakata.

Shi kuwa tut, ruwa ko ba ruwa, ranar Makka ta sa shi gaba. 'Yan ganyen da ya zo da su suka lanƙwashe, suka yi baƙi. Kabo ya ɗauko haraminsa na aikin hajji, ya jiƙa, ya yi wa gonar rumfa. Ya zauna da mafici yana yi wa ƙirare fifita, shi gumi na zuba, har hannunsa ya sage. Da ya ga abin ba ya yi, sai ya tuna tsohon ya ce ɗan sanyi ne. To ai sanyi sayar da shi ake yi! Ya tafi can bayan gari inda ake yin ƙanƙara, ya sa aka ɗora masa guda sukutum a ka, ya kamo hanya da tsakar rana. Tun yana tafiya da ƙyar don nauyi, har ya ji kaya na sauƙi yana murna wai ƙarfinsa ne ya dawo. Ya iso Misfala sharkaf tun daga hula har takalmi, da 'yar ƙanƙara a kan gammo da ba ta fi sabulu ba.

Issoufou ya sauke garwarsa a bakin lungu ya ƙare masa kallo. "Kabo, in wanka kaka so ai da ka yi magana. Ni nawa ruwan har gida nike kai shi."

"Jahili! Wannan Ɗa'ifa ce na ɗauko a kaina."

"To yi sauri, ta kusa ƙarewa."

Ya raba 'yar ƙanƙarar bakwai da bakin wuƙa, ya ajiye wa kowane tsiro rabonsa, kafin ya kai na ƙarshe na farko ya shanye.

Sai ya ce taki ne babu. Ya kwaso na kasuwar tumaki buhu guda ya zazzage. Wari ya tashi, ƙudaje suka yi sallama, sannan manyan baƙi suka iso. Takin cike yake da ƙwayar sha'ir, ga ƙasa a jiƙe, tattabarun Harami kuwa ba abin da ke wuce su. Suka sauka garke guda suna tono, suna tsattsage gindin shukar. Kabo ya cire takalmi ya ɗaga zai jefa, sai ya ji an riƙe masa hannu. Malam Abdulganiyyu ne, malamin unguwa, wanda wari ya jawo ya zo jin ba'asi.

"Kul, Kabo! A cikin hurumin Makka kake. Tattabarar nan ba a korarta, ba a firgita ta. Ka kashe ɗaya, yankan tunkiyar fansa ya hau kanka."

"Allah gafarta Malam, gonata suke ci!"

"Sai ka yi haƙuri. Sun riga ka zuwa garin, kuma su ba a tambayarsu iƙama."

Da Malam ya tafi, Ɗaso ta leƙo ta tarar da jikan Sarkin Noma a tsugune yana lallashin tsuntsaye. "Don Allah bayin Allah, ku koma Harami, can alkama ake watsa muku. Me za ku ci a gidan talaka?" Wata ta hau gwiwarsa ta yi abin da ta yi, ta sauka.

Amma kan Kabo ba ya rasa dabara, matsalar kenan. Ya ce an hana shi kora, ba a hana tattabara ta tsorata don kanta ba. Ya je kasuwar gwanjo ya samo tsohuwar rigar kaki da hularta, ya cusa tsumma, ya yi mutum-mutumi. Don tsuntsaye su hango shi tun daga nesa, ya ɗora shi a kan garwa, kai da kafaɗu suka zarce bango. Ya ga aiki ya yi kyau, ya tafi gahawa ba da labari.

Abin da Kabo ya manta shi ne, a lungunsu in ka cire Malam ba mai takarda ko ɗaya. Wata mata ta fito zubar da ruwa, ta ɗaga kai ta ga kaki da hula a tsaye a gidan Kabo. Ta saki kwano ta kwarma ihu da sunan da ake kiran 'yan sandan garin: "Askar! Askar sun shigo!"

Wayyo, ka ga gudu! Wanzami ya bar mutum da rabin aski, su biyun suka haye dutse tare. Tela ya fita da zaren keke a wuya. Issoufou ya watsar da garwa biyu, dogayen ƙafafun nan suka yi amfani. Ɗaso ta shige ƙarƙashin gado da buhun gyaɗarta mai tsiro. Labari ya isa gahawa cewa askar na gidan Kabo. Shi kuwa gogan, ko tunawa da mutum-mutuminsa bai yi ba. Ya lallaɓo ya leƙo daga bakin lungu, ya hango kaki a tsakar gidansa, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Bai tsaya ba sai cikin Harami, ya shige tsakiyar masu ɗawafi, ya yi ta zagaye har magariba.

Malam Abdulganiyyu ne ya yi ta maza, ya sa alkyabba, ya riƙe takardarsa, ya je ƙofar gidan ya yi wa askar sallama da Larabci har sau uku. Shiru. Ya tura ƙofa, ya tarar da tattabaru biyu a kan hular askar, wata kuma tana jan tsumma daga hannun rigarsa za ta yi sheƙa.

Kwana biyu Kabo bai leƙa gahawa ba, don wanzami ya rantse sai ya yi masa irin askin da ya bar wa wancan. Ya zauna a gida ya tasa gonarsa gaba. Tut ya bushe ƙayau, in ka taɓa sai ya karye. Arba'in ta matso. A karo na farko tsoro na gaske ya kama shi, ya yi ta duban ramin da Inna take a da.

Ana nan, wata safiya ya ɗaga haramin, sai ya ga kore. 'Yan tsirrai ne ƙanana sun ɓullo, ba a jikin tut ba, a jikin sandunan da ya kafa, duka bakwai. Ya yi tsalle ya buga kabbara, ya ruga ya jawo Issoufou da garwarsa.

Issoufou ya duƙa ya duba. "Kabo, wanga ai zogale na."

"Ka ji ka! Ba ka taɓa jin auren itace ba? Yadda ake yi wa mangwaro? Me kake tsammani na ɗaure su da tsumma don shi? Aure na ɗaura musu. Zogale uwa, tut uba. Ganye ya ɗauko uwa don ya jure rana, 'ya'ya kuwa uba za su biyo."

"Wa ya yi waliyyi?"

"Ka tsaya ba'a. Ranar Juma'a bayan la'asar ka gaya wa kowa ya zo, za a buɗe tut na farko a tarihin Misfala."

Ya zaɓi Juma'a ne don an aiko cewa Rumasa'u Asabar za ta dawo. Lissafinsa shi ne, in duk unguwa ta shaida ta yaba, ta iso ta tarar da suna ya riga ta, bakinta ya mutu. Saura abu ɗaya, 'ya'ya. Ya duba Talata, ganye. Ya duba Laraba, ganye ya ƙaru. Alhamis ya zaga kasuwar kayan lambu kaf yana neman tut ɗin Ɗa'ifa ko na hannu ɗaya, aka ce masa lokacinsa ya wuce sai baɗi.

Ya dawo ya zauna a bakin gado ya yi tagumi, idonsa ya sauka a kan akwatin Rumasa'u. A ciki akwai murjaninta na aure, ƙananan duwatsu jajaye, silli uku. Shaiɗan ya ce masa duba kamanni. Ya duba, kamanni kuwa sak. Ya ce ai aro ne, kallo kawai za a yi, Asabar da safe ya mayar ya shirya abinsa. Da azahar, lokacin da zafi ya kwantar da kowa, ya tsinke silli ukun, ya ƙulla su curi-curi da jan zare, ya rataya a jikin ƙayoyi a bayan ganye. Ƙaya ta yayyage masa yatsu bai ji ba. Ya rufe da harami.

Juma'a bayan la'asar gidan ya cika har bisa bango. Mata a gefe da lulluɓinsu, Ɗaso a gaba ta zo da kujerarta, wanzami ma ya zo, da askarsa a aljihu. Kabo ya sha babbar riga ya yi jawabi: ya faro daga kakansa, ya biyo ta kan rogo da raƙumi, ya gode wa masu hassada don su suka ƙara masa ƙarfi. Malam ya yi addu'a. Sannan ya kama gefen haramin ya yaye.

Ga kore shar, ga jajayen 'ya'ya suna ƙyalli a rana. Wata ta ce, "Ikon Allah!" Wani ya ce, "Mashallah, ashe da gaske yake!" Kabo ya ji kansa ya taɓa sama.

"Kallo kawai, jama'a! Kada wanda ya taɓa, bai gama nuna ba."

Ɗaso ta karkace kai. "Ni dai tun ina yarinya ake cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Yau ga ta ta yi 'ya'ya ba ta yi fure ba. Yaushe ya yi fure, Kabo? Kullum ina bisa turmi ban gani ba."

"Na Ɗa'ifa da dare yake fure, Iya, ya kakkaɓe kafin asuba."

"Ni da na sha ɗaukar ruwa," in ji Issoufou, "ko bai nuna ba sai na ɗanɗana haƙƙina."

Kafin Kabo ya tare shi, dogon hannun nan ya wuce ta kan kafaɗarsa, ya cisgo curi ɗaya ya watsa a baki. Ƙaras! Har na bisa bango sun ji. Issoufou ya dafe kunci ya kurma ihu, ya tofar da jajayen duwatsu da rabin haƙori, jan zare na reto a leɓensa.

"Wayyo haƙorina! Dutse na! Kabo ya shuka dutse!"

Zaren da ya ja kuwa ashe duk a haɗe yake. Curi ya bi curi yana warwarewa, murjani ya watsu a tsakar gida yana gangarawa. Tattabarun da ke jere a kan langa-langa suka ga an watsa jan abu, suka ce alkama ce, suka sauko gaba ɗaya. Kabo ya yi kansu da hannun riga.

"Kul!" in ji Malam. "Kada wanda ya firgita su!"

Sai ga jikan Sarkin Noma a rarrafe cikin taki da babbar riga, yana rufe duwatsu da tafin hannu, yana roƙo, "Don girman Allah ki tofar, ba ci ake yi ba!" Wata shuɗiya ta dube shi, ta haɗiye ɗaya, ta tashi ta nufi Harami. Mutane suna ta faɗuwa don dariya, wani har ya rikito daga bango.

Sai dariyar ta fara mutuwa daga bakin ƙofa. Mutane suka dare. Kabo, yana rarrafe, ya ga ƙafafu biyu da lalle a gabansa, ya san ƙafafun. Motar Asabar ta samu matsala, Rumasa'u ta biyo ta Juma'a.

Ba ta dube shi ba. Ta dubi lungun da inuwa take a da, ta ga sarari. Ƙunshin ya zame daga kanta ya faɗi.

"Malam, ina Inna?"

"Hajiya, wato... ai aure na yi mata..."

"Ina Inna?"

"Ya sare ta," in ji Ɗaso. "Da gatarin aro. Gindin yana juji."

Rumasa'u ta duƙa ta ɗauki dutse ɗaya daga cikin taki, ta goge, ta gane murjaninta. Hawaye ya zubo mata, ba na fushi ba, na maraici, har matan da ke dariya ɗazu suka sunkuyar da kai. Ta ɗauki ƙunshinta ta mayar a ka.

"Direban bai juya ba tukuna," in ji ta. "Na faɗa maka tun farko."

Ta juya za ta fita, gefen mayafinta ya kama a ƙaya. Ta tsaya cirewa, sai hannunta ya taɓa ganye. Ta tsinki ɗaya, ta murza, ta kai hanci. Ta bi sandunan da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta kama ta farko ta girgiza, ta ji ta riƙe ƙasa gam. Ta girgiza ta biyu, haka. Ta fisge busasshen tut ɗin da tsummansa ta yar, ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka tana dariya.

"Inna kenan. Hamada ba ta kayar da ke ba, teku bai kayar da ke ba, sai Malam? Ya sare ki ɗaya kin tashi bakwai."

Kabo ya ga ƙofa ta buɗe, ya miƙe yana kakkaɓe riga. "To ai abin da nake ta son in bayyana kenan, Hajiya. Dama dabarar..."

"Rufe mini baki! Na fasa komawa Jidda, amma ba don kai ba, don marayun nan. Daga gobe kai za ka ɗauko musu ruwa da kafaɗarka, Issoufou ya huta ya yi jinyar haƙori. Murjanina kuma ka tsince shi tsaf ka shirya."

"Ai ɗaya tattabara ta tafi da shi."

"Ka san inda take kwana. Ka je ka roƙe ta, na ji an ce ka iya."

Washegari aka ga Kabo da sanda a kafaɗa da garwa biyu yana tangaɗi daga famfo, rabin ruwan a rigarsa. Issoufou na zaune a inuwa da ƙulli a kunci yana yi masa sannu. Zogale bakwai suka girma, Rumasa'u ta rarraba rassa, har ya zama da wuya ka shiga gidan Bahaushe a Misfala ba ka ga ɗaya ba. Sai dai sunan ya canza. In mace za ta yi kwaɗo sai ta ce a tsinko mata tut ɗin Kabo.

Kuna tsammani ya ji kunya? Bayan sati guda ya koma gahawa, ya miƙe ƙafa, ya ce, "Ku gaya mini, duk faɗin Makka, wa ya taɓa shuka tut ya girbi zogale in ba ni ba?"

Issoufou ya buɗe baki ya nuna masa giɓin. "Ga shaida nan, Sarkin Noma. Ni kaɗai na ci amfanin gonar."